Shekarar da Aka Rufe Rijiyar Gwaggo Kande

Akwai zancen da na daɗe ina kauce wa in muna hira da ku, na kuma lura kun gane, domin duk sa'ad da ɗayanku ya ambaci gidan Shango sai in miƙe in ce zan duba tukunya. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ba ni ke girki ba balle in fake da shi. Na kuma ji irin labarin da ake ba ku a wajen biki da suna, wanda rabinsa gaskiya ne, rabinsa kuwa ɓacin rai ne ya ƙara shi. Gara ku ji daga bakina yadda abin ya faru, tun ina da hankalin jera shi.

Gwaggo Kande yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni da mahaifiyata ta rasu, ko yaye ni ba a yi ba, ta haɗa ni da ɗanta guda ɗaya, Yaya Sani, ta riƙe mu ba bambanci. Ita ce ta sa mini Kulu, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kirana Hauwa'u ba. A lokacin Shango bakin gari ce, kana fita bayan katangarmu sai gonakin doya da dawa na Gwarawa. Mijinta, Baba Audu, leburan layin dogo ne, shi ya haƙa rijiyar gidan da hannunsa. Kun san ƙasar Minna, ba ka nisa da haƙa sai ka ci karo da dutse. Da ya tarar da shi kowa ya ce ya haƙura ya mayar da ƙasa, shi kuwa sai ya riƙa hura wuta a kan dutsen, in ya yi ja ya kwara masa ruwa, ya bi tsagar da guduma. Rani guda ya cinye yana wannan aiki bayan ya taso daga na gwamnati. Ruwan da ya fito mai sanyi ne, garai-garai, kuma ko a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin unguwa ke komawa taɓo, tamu ba ta ƙafewa.

Gwaggo ba ta taɓa hana kowa ɗiba ba. Ƙofar gidan a buɗe take tun asuba. Matan layi su shigo da bokitai, Fulani masu tallar nono su sauke ƙoransu su wanke ƙafa, matan Gwari da suka taho daga ƙauye da kaya a kafaɗa su tsaya su sha su gaisa da ita da Hausarsu, ita kuma ta mayar musu da ɗan guntun Gwarancin da ta iya, a yi ta dariya. Bayan rasuwar Baba Audu rijiyar nan ce ta zame mata abokiyar zama. Tana da 'yar kujera a gindin bishiyar gwaiba, nan take zama tana tsinke zogale ko ɓarar gyaɗa, labarin unguwa duka yana zuwa ya same ta. Mace ta yi faɗa da mijinta, a bakin rijiya Gwaggo za ta ji, a nan kuma za ta shirya su. Ba ta da dukiya, ba ta da sarauta, amma in ka ce gidan mai rijiya, har mai tasi ya san inda zai sauke ka. Wannan matar ce ta tsaya kai da fata sai na yi boko, lokacin da dangi ke cewa ba amfani.

Da aka yi jihar Neja, Minna ta zama babban birni, sai gari ya cika kamar an buɗe ƙofa. Ma'aikata daga ko'ina, 'yan kasuwa, magina, kowa na neman ɗakin haya. Inda muke tsinkar kanya muna yara duk ya zama gidaje, ana manna ɗaki a jikin ɗaki, ba magudanar ruwa, ba wurin zubar da shara. A wannan tsakanin na gama makarantar kiwon lafiya aka ɗauke ni aikin duba-gari a ƙaramar hukuma. Mata ba mu da yawa a aikin, an ɗauke mu ne saboda akwai gidajen da namiji ba ya shiga. Duba-gari a wancan zamani abin tsoro ne. In aka hango kaki a bakin layi sai a yi ta ɓoye randuna, domin aikin kamar an taƙaita shi ne ga leƙa tulu, a tarar da tsutsa, a kifar da ruwan, a yi tara, a wuce. Ba wanda ke komawa ya ga ko gidan ya gyaru. Na yi shekaru ina wannan, ina dawowa gida raina ba daɗi, na auri babanku a ciki, na haifi manyanku biyu.

Sai aka kawo mana sabon shugaba, Mista Bulus, Bagwaren wajen Paiko, dogo, mai sanyin magana, dattijo a cocinsu. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk kai yake ce mana, tun muna ƙunshe dariya har muka saba. Shi ya sauya mana tunani a kan aikin. Kowace Litinin da safe zai tara mu ƙarƙashin mangwaron bayan ofis, da mu masu kaki da masu shara da direban motar kwasar bola, kowa ya samu wurin zama. Tambayarsa ba ta canzawa: wane abu guda ne ya fi makon jiya kyau a unguwarka, wane ne kuma za ka taɓa a wannan mako. Ba ya son dogon shiri. In ka ce za ka gyara kasuwa gaba ɗaya, sai ya ce ka fara da kwatar da ke bayan masu kifi. Ta haka muka ɗauke jujin da ke jikin wata makarantar firamare, muka sa aka yi wa mahauta daɓen siminti mai gangara, muka gano cewa masu shara ba ragwaye ba ne, barorinsu ne duk tayoyin suka mutu. Ya hana mu kifar da ruwan mutane. Ya ce mu zauna a kan tabarmarsu mu tambaye su me ke damunsu kafin mu faɗa musu abin da ke damunmu. Wani abin mu gwada ya ƙi, sai ya ce ba laifi, mu sake ta wata hanya. Sannu a hankali mata suka daina ɓuya in sun gan ni, har akan aiko yaro ofis a ce ana son Malama Hauwa ta zo ta ga wani abu. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na waɗannan shekaru ba.

A cikinsu ne, wata damina mai ruwa da yawa, amai da gudawa ya ɓulla a Shango. Ya fara da wani tsoho, aka ce tsufa ne. Sai ya koma kan yara. Na ga an fito da yaro a kafaɗa da safe yana magana, kafin la'asar an dawo da shi a naɗe cikin tabarma. Daga cikin waɗanda suka tafi har da 'yar Lami matar tela, maƙwabciyar Gwaggo, yarinya mai wayo da ta fara tafiya ke nan, wadda Gwaggo kan ɗora a cinya ta ba ta gwaiba. Mista Bulus ya rarraba mu gida gida, ya ce kada mu tsawata wa kowa, mu tambaya kawai me aka ci, a ina aka ɗebo ruwa. Ni aka ba ɓangarenmu saboda na san mutanen. Na shiga gidan farko aka ce ruwan gidan mai rijiya ne. Na biyu ma haka. Kafin in kai ƙarshen layi na riga na fara zargin rijiyarmu, domin gidajen da suke da tasu rijiyar ko suke tarar ruwan sama lafiyarsu ƙalau. Na zagaya bayan katangar Gwaggo, inda a da gona ce, na tarar an gina gidan haya mai ɗakuna a jere, an haƙa salgarsa a jikin katangarmu ta wajen tudu. Ko taku kaɗan babu tsakaninta da rijiyar, bangon ƙasa ne kawai ya raba su.

Muka ɗebi ruwan a kwalba aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya dawo Mista Bulus bai faɗa a gaban jama'a ba, sai da kowa ya watse ya kira ni gefe. Ya ce ya san gidan da na tashi ne, kuma ya taɓa shan ruwan rijiyar nan da kansa yana saurayi, lokacin da yakan rako mahaifiyarsa kasuwa.

"Malama Hauwa, ba dole kai ne za ka je ba," in ji shi. "Zan tura wani. Kai ka zauna a gida kwana biyu, ba wanda zai ga laifinka."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Da babanku ya dawo daga tasha na zayyana masa komai muna cin tuwo. Kun san shi, Allah ya ji ƙansa, ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya yi. Ya ce in karɓi tayin ogana, aikin gwamnati ba ya ƙarewa, amma uwa guda ce, kuma tsohuwa ba za ta bambance tsakanin hukuma da 'yar da ta goya ba. Ya ce ko da na yi gaskiya, dangi ba za su tuna da gaskiyar ba, fuskar da ta zo da labarin za su tuna. Duk abin da ya faɗa na san haka ne. Amma na hango wani baƙon namiji da kaki yana tsaye a tsakar gidan Gwaggo yana ɗaga mata murya, wataƙila har da ɗan sanda a ƙofa, matan layi na leƙe. Na kuma tuna rijiyoyin da na sa aka rufe a wasu unguwanni, na talakawa irinta, ban nemi hutu ba a ranar. In na ɓuya yau, da wane ido zan sake shiga gidan wata in ce ta yi haƙuri. Na ce wa babanku ni zan je. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, bai sake ta da zancen ba.

Ban sa kaki ba, atamfa na ɗaura na yafa gyale kamar mai zuwa gaisuwa. Na same ta a gindin gwaiba, Yaya Sani yana gefe yana gyaran kekensa. Bayan mun gaisa ta tambayi yara, sai na durƙusa kusa da ita na yi mata bayani a hankali, tun daga salgar maƙwabta har zuwa gwajin da aka yi. Na maimaita mata cewa laifin na wanda ya haƙa salgar ne, ruwan sama ne ya jawo ƙazantar ta ƙarƙashin ƙasa. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sai ta miƙe, ta ɗauki guga ta zura, ta jawo da kanta duk da ciwon bayanta, ta cika moɗa, ta ɗaga ta ga hasken rana don in ga yadda ruwan yake fari tas. Kafin in riƙe hannunta ta shanye.

"Tun kafin a haife ki nake shan ruwan nan," ta ce. "Ga ni zaune. Kulu, dubi idona ki faɗa mini, wa na kashe?"

Na ce ba ta kashe kowa ba, babba yakan sha ya tsira, yaro ne ba ya jurewa. Yaya Sani ya ajiye sifana ya ce dama ya san ƙarshen bokon nan ke nan, an ba ni kaki na zo in nuna shi a kan kabarin ubansa. Gwaggo ta ce masa ya yi shiru. Ta juyo gare ni ta ce in gwamnati na da ƙarfi ta je ta rufe salgar, ta bar mata abin da mijinta ya bari.

Wannan ɓangaren ne ba a faɗa muku, don haka ku riƙe shi. Ba mu tafi kai tsaye ga rufewa ba. Na koma na roƙi Mista Bulus, shi ma bai so a rufe ba, ya ce mu gwada duk abin da za a iya. Muka sa mai gidan hayar ya cike salgarsa ya haƙa wata nesa. Muka kawo masu yasa suka kwashe ruwan ƙaf, aka wanke bangon rijiyar, aka zuba magani, aka ɗaga bakinta da bulo aka yi mata murfi. Na bi gidaje ina roƙon a tafasa ruwa kafin a ba yara, amma itace na da tsada, damina ce kuma, wasu suka yi, wasu ba su yi ba. Aka samu sauƙi na ɗan lokaci, har na fara murna. Sai aka tafka wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayansa da 'yan kwanaki ciwon ya dawo, ya ɗauki wani yaro ɗan makaranta. Aka sake gwaji, ba abin da ya canza. Ƙasar wajen ta riga ta sha ƙazanta, dutsen da Baba Audu ya fasa kuwa, tsagoginsa ne suka zama hanya. Muka sake zuba magani, aka sake gwadawa, haka dai. Daga nan ba sauran dabara.

Mista Bulus ya zo da kansa ya tsuguna a gaban Gwaggo, ya cire hularsa, ya yi mata alkawarin cewa kafin rani ya yi nisa za a jawo famfo daga babban bututun madatsar ruwa ta Tagwai zuwa layin, kafin nan kuma tanka za ta riƙa kawo ruwa. Ba ta dube shi ba, ni ta duba, ta ce ni ma na yarda da wannan magana? Na ce na yarda, na ɗauka a wuyana. Washegari da hantsi magina suka zo da rodi da siminti. Na tsaya a wurin tun daga farko har ƙarshe, domin ban so wani ya yi mata magana marar daɗi. Ita kuwa ta kwance igiyar gugar da kanta, ta naɗe ta, ta shige ɗaki da ita ta saki labule. Da aka gama na je bakin ƙofa na yi sallama zan tafi. Na ji motsinta a ciki, amma ba ta amsa ba.

Ciwon ya tsaya. Tun daga makon da aka rufe rijiyar ba a sake fita da kowa daga layin ba. A taron Litinin abokan aiki suka yi ta yaba mini, ni kuwa hankalina na wajen Gwaggo. Na zaci ƙishirwa ce za ta wahalar da Gwaggo, sai na shirya da wani ɗan garuwa ya riƙa kai mata ruwa kullum. Ta mayar da shi tun daga zaure. Ashe ba ruwa ne babbar asararta ba. Tsakar gidan da ba ya rabo da hayaniya tun asuba ya yi tsit. Fulanin nono suka sauya hanya. Matan layi suka koma bin tanka a bakin titi, can hirar ta koma. Tsayawar ciwon kuma ta tabbatar wa kowa daga ina ya fito, mutane kuwa ba su riƙe zancen salga ba, sunan rijiyar suka riƙe. Yara suka fara nuna gidan da yatsa. Wata rana Gwaggo ta fita gaisuwar mutuwa, ta haɗu da Lami a hanya, ta tsaya za ta yi mata sannu. Lami, wadda zafin rashin 'yarta bai sake ta ba, ta ce da ita a gaban mutane da ma gwaibar kawai ta riƙa ba yarinyar ta bar ta haka. Daga ranar Gwaggo ba ta sake taka ƙofar gida ba. Ina zuwa duk Juma'a, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa da lafiya lau, ta tambayi yara, shi ke nan. Ba ta kore ni ba, ba ta zage ni ba. Da ta yi hakan ma da ya fi mini sauƙi. Yaya Sani kuwa in ya ji sallamata sai ya ɗauki kekensa ya fita.

Famfon bai zo kafin rani ba. An haƙa ramin bututu har rabin hanya, sai aka yi sauyin gwamnati, aka ɗauke Mista Bulus aka kai shi wata ƙaramar hukuma can nesa, ɗan kwangilar ya kwashe kayansa ba a sake ganinsa ba. Tankar ma tana zuwa tana fashi har ta daina. Wanda ya gaji kujerar bai ga amfanin zama ƙarƙashin mangwaro da masu shara ba, aka koma leƙa tulu da tara. Mu 'yan kaɗan da muka saba muka ci gaba da haɗuwa da kanmu ranar Litinin kafin a buɗe ofis, kowa ya faɗi abin da zai taɓa a makon. Ni nawa bai canza ba, famfon Shango. Na yi zarya a ofisoshin masu ruwa har masinjoji suka san takuna, ina ɗauke da cikin ɗan'uwanku Aminu a lokacin. A ce oga ya fita, in zauna a benci in jira. A ce babu bututu, in je in gano inda aka jibge wasu a bayan sito ciyawa ta rufe su. Da na ga ramin ya fara cikewa, na je wajen mai unguwa da limamin layi da faston cocin da ke bayan kasuwa, suka tara matasa ranar wata Asabar aka ƙarasa haƙan da hannu. Wata damina ta zo ta wuce, sai a ranin da ya biyo aka haɗa. Injiniyan ya so ya kafa famfon a bakin titi, na roƙe shi ya shigo da shi har jikin zauren Gwaggo, ina fatan in mata suka dawo ɗiba a ƙofarta wani abu zai dawo.

Sun dawo, amma sun tarar ta riga ta kwanta. Ba wani ciwo ne da likita ya iya sa wa suna ba, abinci ne ta rage, jiki ya yi ta zubewa. Ranar da ruwa ya fara zuba na shiga na same ta a kan gado, hayaniyar bokitai na shigowa ta taga. Na ce Gwaggo, alkawari ya cika, ko da ya makara. Ta kasa kunne tana saurare. Sannan ta kama hannuna, abin da ba ta yi ba tun ranar siminti, ta jawo ni kusa.

"Kulu, zan tambaye ki, kada ki rufe ni. Tun da kuka rufe ta, akwai yaron da ya sake tafiya da ciwon nan?"

Na so in yi mata ƙarya. Wallahi na so, har na buɗe baki. Amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba tun ina ƙarama, kuma idonta na cikin nawa. Na ce babu, Gwaggo, ko ɗaya.

Ta saki hannuna a hankali ta juya fuskarta bango.

"To," ta ce. "Ashe ni ce."

Na rungume ta ina kuka ina cewa ba ita ba ce, salga ce, ruwan sama ne, garin ne ya cika ya matse ta, ita alheri kawai ta yi shekara da shekaru. Na faɗa na sake faɗa. Ban san ko ya shiga ba. Abin da na gane a lokacin shi ne, duk tsawon shirun nan ba fushi da ni kaɗai take yi ba, tana riƙe ne da ɗan fatan cewa mun yi kuskure, kuma a ranar fatan ya ƙare.

Ba ta daɗe bayan haka ba. Wata safiya aka aiko cewa ta rasu, na tafi da Aminu a baya. Na tarar da Yaya Sani tsaye a zaure idonsa jajir, na yi zaton zai hana ni shiga. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, ya ce ta bar wasiyya cewa ni zan yi mata wanka, ba don haka ba da ba zan taka gidan ba. Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun daga wancan lokaci har ya bar duniya.

Na ɗauki bokiti na fita wajen famfo na murɗa, sai iska kawai. An ɗauke ruwa tun jiya, in ji wata yarinya, ba a san ranar da za a kawo ba. Na tsaya riƙe da bokitin ban san inda zan nufa ba, ga gawa a ɗaki, ga maza sun fara taruwa, ga daɓen simintin da ya rufe rijiyar a tsakar gida ina hangensa ta ƙofa. Matan da ke zaune sun gani. Ɗaya ta miƙe ta fita, wata ta bi ta. Can sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da tulu, wannan da bokiti, wata da ɗan abin da ya rage a randarta cikin kwano, har da matan Kirista na gidan hayar baya, har da wata tsohuwar Bafulatana da ta ji labari a kasuwa ta juye nonon da take talla ta cika ƙwaryar da ruwa. Lami ce ta ƙarshe. Ta tafi har rafi, zanenta jiƙe sharkaf, ta sauke bokitin a ƙofar ɗaki, ta durƙusa a wurin ta kifa kanta a gwiwa.

Na tattara ruwan duka a baho ɗaya, na saki labule, na yi wa Gwaggo wanka.